Dariya Ta Ƙare, Labari Bai Ƙare Ba: Yadda Ake Rufe Fina-finan Barkwancin Ƙauye

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa cikin shekarun 2000 yana da wani abu na marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro da ya maƙale masa a ka. Wani tafiyarsa ya riƙe, wani zare idon nan nasa, wani kuma wata baƙar magana guda da ya yaɓa wa abokan wasansa Ciroki ko Katakore, wadda har gobe in aka tuno ta sai an kwashe da dariya. Amma a gwada tambayar waɗannan mutane yadda fim ɗin ya ƙare. A majalisun Ƙofar Wambai ta Bauchi, inda ba a rasa saurayin da zai kwaikwayi Ibro tun daga murya har tafiya, da wuya a sami mai amsa wannan tambaya kai tsaye. Za a ce maka, "Ai dai bin sa aka yi da gudu," ko kuwa, "Ina jin gaban mai gari aka kai su." Wani ma zai gaya maka bai taɓa kallon kashi na biyu ba, kuma bai ji ya yi asarar komai ba.

Ba laifin masu kallo ba ne. Yawancin fina-finanmu na barkwancin ƙauye, waɗanda aka fi sani da camama, ba su da ƙarshen da mutum zai riƙe. Tsayawa kawai suke yi in lokaci ya cika.

Rufewar da aka fi yi ita ce ta gudu. Asirin boka ya tonu, ko an kama gogan da akuyar maƙwabci, sai gari ya ɗauko sanduna da taɓare, shi kuma ya tattare riga ya ranta a na kare ta cikin gonar dawa. Kiɗa ya tashi, sunaye su fara hawa. Ba a san ko an cim masa ba, ba a san makomar akuyar ba, yarinyar da aka yi ta rigimar aurenta tun farkon fim ma an manta da ita. In ba gudu ba, to fada ce. An shimfiɗa tabarma a ƙofar wani zaure, mai gari ya hakimce da rawani, fadawa biyu a gefe, mai laifi ya durƙusa yana sosa ƙeya. Mai gari ya gyara murya ya ce abin da aka yi bai kyautu ba, zalunci ba shi da kyau, kowa ya ji tsoron Allah. Fadawa su amsa, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe." A yafi juna, a shafa fatiha, "Alhamdulillah" ta fito a fuskar talabijin. Mutumin da ya kwashe awa ɗaya da rabi yana damfarar gari ya shiryu cikin minti biyu, ba don wani abu ya same shi ba, sai don an yi masa faɗa. Sauran kuwa ko wannan wahalar ba su sha: a tsakiyar rikici za a yanke, a ce mu haɗu a kashi na biyu.

Tushen wannan al'ada ya girmi kaset nesa ba kusa ba. Ɗan kama a kasuwa ko a gidan biki ba labari yake ginawa ba. Yana kwaikwayon malami, yana jan baƙi a kan tuwo da miya, jama'a na dariya ana yi masa kyauta. In hannu ya daina miƙowa ko rana ta faɗi sai ya naɗe kayansa. Haka yaran tashe da ke fita daga goma ga watan azumi: wasansu na ƙarewa ne a daidai lokacin da maigida ya miƙo sadaka. Wannan fasaha ce ta gaske, kuma ba ta buƙatar ƙarshe, domin mai wasa da mai kallo suna tsaye a fili ɗaya, gobe ma za su sake haɗuwa.

Da rediyo da talabijin suka zo, sai aka sami wani dalilin. Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, da Karambana na marigayi Ƙasimu Yero a Kaduna, da Karkuzu a Jos, da Golobo a Sakkwato, duk wasanni ne na mako-mako. Dole Samanja ya dawo mako mai zuwa da halinsa yadda aka san shi. In ya canza, shiri ya mutu. Ga shi kuma gidajen na gwamnati ne, kuma hujjar kashe kuɗi a kan wasan kwaikwayo ita ce wayar da kan jama'a: allurar rigakafi, tsabtar muhalli, takin zamani, sa yara makaranta. Saboda haka mintunan ƙarshe na darasi ne. Masu kallo suka saba, 'yan wasa suka saba.

Sai ga zamanin bidiyo, wanda ake ƙirga farkonsa daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano, a 1990. A nan ne kasuwa ta karɓi ragama. Dillalan kaset na Bata da na kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, takwarar unguwarmu ta Bauchi, su ne a lokacin ke yanke abin da zai shiga hannun jama'a. Furodusa kwali yake bugawa ya sayar musu, su kuma su naɗi fim ɗin a kaset. Labarin da aka raba biyu kwali biyu ke nan, ciniki biyu. Fuskar da ke jikin kwalin ita ke sayar da shi. In akwai Ibro, an gama magana. Wa zai zauna yana wahalar da kansa a kan yadda labari zai rufe, alhali an riga an biya kuɗi kafin a ga ko minti ɗaya? Sanannen abu ne kuma cewa yawancin camama ba a rubuta musu cikakken labari. A wurin ɗauka ake cewa, "Kai ne mai bin bashi, kai kuma ka ɓuya a rumbu," sauran a bar wa basirar ɗan wasa. Basirar kuwa akwai ta, shi ya sa tsakiyar fim ke yin armashi. Amma ƙarshen labari ba ya fitowa daga bakin ɗan wasa a tsaye. Sai an shuka shi tun a fitowar farko.

Akwai kuma tsoro. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, kuma daga 2007, zamanin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, ta matsa wa masana'antar lamba ƙwarai. Shi kansa Ibro, wanda tsohon ma'aikacin gidan yari ne, an yanke masa hukuncin wata biyu a 2008 a kan batun fim ɗin Ibro Aloko. Wanda ya ga haka, ba abin mamaki ba ne ya riƙa liƙa wa fim ɗinsa wa'azin minti biyu a ƙarshe, ya zame masa garkuwa a gaban hukuma da malamai da iyayen yara.

Ba faɗakarwa nake ƙi ba. Bahaushe bai taɓa raba nishaɗi da darasi ba, kuma ba ni ne zan ce a raba su ba. Abin da nake ƙi shi ne darasin da bai fito daga cikin labarin ba, wanda za ka iya cire shi daga wannan fim ka manna a wancan ba tare da kowa ya lura ba. Irin wannan ba ya shiga zuciyar kowa. Yara ma sun gane shi. Da mai gari ya gyara murya sai su tashi.

Amma akwai abin da ya fi wannan damuna, shi ne mutumin da ake yi wa dariyar. A camama baƙauye ne: ga hula a karkace, ga baƙin gawayi a haƙori, ga wando ɗangalalle, bai san yadda ake buɗe lemon kwalba ba, yana gaida mutumin da ke cikin talabijin. To, mu Hausawa muna da ƙa'idar wasa. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, ɗan mace da ɗan namiji, kowa na tsokanar kowa, amma sharaɗin shi ne in ka faɗi taka ka tsaya ka ji tasa. Wasan da mutum ɗaya ne kullum ke sha ba wasa ba ne, cin fuska ne. A fim, wurin da baƙauye ya kamata ya rama shi ne ƙarshe. Nan ne ya kamata a ga cewa mutumin da ya ruɗe a tashar mota shi ne ya san lokacin da ruwan shuka zai sauka, shi ne ya san wanda ya ci iyakar gona, shi ne ɗan birnin zai koma wa in buhun masara ya gagara saye. In aka rufe fim da gudu ko da tsawar mai gari, an hana shi wannan dama. An yi masa dariya awa ɗaya da rabi, an sallame shi hannu rabbana.

Wannan ya fi ciwo in ka dube shi daga wuri irin Ƙofar Wambai. Ita da 'yan'uwanta, Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Nassarawa da sauran ƙofofin ganuwar da aka kewaye Bauchi da ita tun zamanin Malam Yakubu, ta cikinsu ne hatsi da itace da nono suka riƙa shigowa birni. Gidaje nawa ne a unguwar da ba su da kaka ko kawu a Ganjuwa, ko Alƙaleri, ko Kirfi, ko Dass, ko Toro? Je ka tsaya a shagon masu tura fim a waya da yamma. Dattijo zai shigo, ya sayar da kayan gwarinsa a kasuwar Muda Lawal, ya kwance ƙaramar waya daga cikin leda, ya miƙa wa yaron shago ya ce, "Ɗana, zuba mini na Bosho, na dariya, kada ka sa mini masu waƙa." Yaron ya ce, "To, Baba," ya cika masa memori. Da daddare a tsakar gidansa za a kewaye wayar nan, mata da yara da maƙwabta, a kalli yadda birni ke ganin su. Suna dariya, ba shakka, domin 'yan wasan gwanaye ne kuma mutumin karkara ba ya rasa raha. Amma ya cancanci ko sau ɗaya ya ga irinsa ya fita kunya kafin sunaye su hau.

Wani fim na ƙasar Jamus ya nuna mini cewa abin mai yiwuwa ne ba tare da an rage dariya ko kaɗan ba. Sunansa Wer früher stirbt ist länger tot, wato wanda ya riga mutuwa ya fi daɗewa a kushewa. Marcus H. Rosenmüller ne ya ba da umarni, ya fito a 2006, kuma a wani ƙauyen jihar Bavariya aka kafa labarin. Sebastian yaro ne ɗan shekara 11, ubansa Lorenz na da gidan abinci da shaye-shaye na ƙauyen. Wata rana, bayan ya jawo mutuwar zomayen yayansa, yayan cikin fushi ya gaya masa cewa shi ne ajalin mahaifiyarsu, domin wajen haihuwarsa ta rasu. Yaro ya ɗauki maganar da gaske. Ya shiga tsoron azabar da mabiya ɗariƙar Katolika suka yi imani ana yi wa mai zunubi bayan mutuwa, ya rasa barci. Ya yanke wa kansa hanya biyu: ko dai ya wanke zunubinsa, ko ya nemi yadda ba zai mutu ba sam. Dattawan da ke zaman majalisa a gidan ubansa suna ba shi shawarwari irin na masu zaman hira, shi kuma yana aiwatar da su tiryan-tiryan, kowace ta jawo sabuwar ɓarna. Wani mai gabatar da shiri a rediyo, Alfred, ya sa masa ra'ayin cewa makaɗi ba ya mutuwa, sai ya kama koyon jita. Daga baya ya ƙudurta cewa abin da zai faranta wa mahaifiyarsa a kabari shi ne ya samo wa ubansa mata.

Ga inda marubutan suka nuna gwaninta. Matar da zuciyar uban ta karkata gare ta ita ce malamar makarantar yaron, ita kuwa matar Alfred ce. Yaro ya fahimci cewa sai an kawar da Alfred, ya ɗauki bindiga ya nufi gidan rediyon da ke kan dutse. Shi kuma Alfred, da ya gane abin da ke tsakanin matarsa da Lorenz, ya riga ya rataya wa kansa igiya. Harsashin yaron igiyar ya tsinka. Yaron da ya kwashe fim ɗin gaba ɗaya yana ganin kansa mai kisan kai, ya zo da niyyar kisa, sai ga shi ya ceci rai. Daga nan aka ba shi dama ya kaɗa jitarsa a rediyo, duk yankin na saurare. Babu wanda ya tsaya ya yi wa'azi. Tsoron da aka shuka a minti goma na farko, da bindigar, da jitar, da gidan rediyon, duk sun haɗu a wuri ɗaya, kuma mai kallo na dariya hawaye na zubo masa.

Ba ina cewa a kwaso labarin ba ne. Matar aure da ta karkata ga wani, da giya a majalisa, da yaro riƙe da bindiga, ba namu ba ne, kuma ba za su zauna a tsakar gidan Bahaushe ba. Ginin nake nuna wa. Da kuma wani abu: an yi fim ɗin ne da karin harshen Bavariya, wanda Bajamushen arewa ke wahala kafin ya gane, amma ba a mai da karin abin tsokana ba. Da shi ake raha, da shi ake kuka, da shi ake addu'a a bakin kabari. Sama da mutum miliyan 1.5 suka shiga silima suka kalle shi a Jamus, kuma a 2007 ya ci kyautar fina-finan ƙasar a fannin ba da umarni da na rubutun labari. Mu kuwa Bausanci ko Sakkwatanci ko Hausar Bafulatanin ruga ba su cika shiga fim ba sai in ana so a nuna wawa.

Kada a ɗauka Jamusawa da wannan gwaninta aka haife su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da biranensu ke kwance cikin ɓaraguzai, sun yi ta fitar da fina-finan ƙauye irin su Schwarzwaldmädel na 1950 da Grün ist die Heide na 1951: daji kore shar, kiɗan gargajiya, ɗan saɓani, sannan sulhu da soyayya a ƙarshe. Mutane sun yi tururuwa domin suna neman abin da zai sanyaya musu rai, amma 'yan baya suka gaji da ƙauyen da ba shi da ciwo ko ɗaya. Fadar mai garinmu da fatiharta ita ce irin wannan rufewa tasu. Su ma suna da barkwancin da ke komawa inda ya faro: jerin fina-finan ɗan sandan ƙauye Franz Eberhofer, da aka soma da Dampfnudelblues a 2013, kullum gogan na nan da kakarsa da ubansa da budurwarsa, halinsa bai canza ba. Sai dai ko a nan, laifin da aka buɗe fim da shi sai an gano wanda ya aikata kafin a rufe. Hali na iya zama yadda yake, amma bashin da labari ya ɗauka sai ya biya.

Kuma ba sai mun je Turai neman wannan ba. Kakanninmu da ke ba da tatsuniya sun san shi sarai. Gizo ya roƙi hankaki su ara masa gashin fiffike domin ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa. Da aka isa sai haɗamarsa ta motsa, ya hana masu gashin ci, kowa ya zare nasa suka tashi suka bar shi. Ba a kira mai gari ba. Halin Gizo ne ya hukunta Gizo, kuma wayonsa ne ya fitar da shi daga hannun kadoji daga baya. Kafin tsohuwa ta ce ƙurunƙus, kowane zare an ɗaure shi. A rubuce ma ɗan ƙasar Bauchi ne ya ba da misali tun 1934: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ba barkwanci ba ne, amma marubucin ya san inda za shi tun daga tambayar da almajirai suka yi wa malaminsu a Rauta, har zuwa haɗuwar ɗa da uwar da ta ƙare rayuwarta wajen nemansa. Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, kuma Jamusawan nan ne suka taimaka aka gyara tsohon faifansa aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin Berlin a 2018. Labarin da aka rufe da kyau shi ake komawa nema bayan shekara 40.

Na san abin da mai shirya camama zai ce: jama'a dariya suka zo saye, kuma kuɗin da ke hannunsa na kwana uku ne a ƙauye, da abinci da man janareto. Gaskiyarsa. Amma a duk kayan aikin fim babu mai araha kamar ƙarshe. Ba ya cin kyamara ta biyu, ba ya cin mota, ba ya cin ɗan wasa mai tsada. Biro ne da takarda da mutum ɗaya da zai zauna ya tambayi kansa: mene ne wannan wawan ke so, mene ne yake tsoro, kuma wane abu ne cikin halinsa zai kai shi ƙasa ko ya tsamo shi? Daɗin Kowa na tashar Arewa24 da Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi sun nuna cewa mai kallon Hausa na bin labarin da aka zauna aka rubuta, yana riƙe sunaye, yana jiran sakamako.

Abin tsoron shi ne yanzu matsin ya fi na zamanin kwali. A YouTube, muddin ana kallo talla na shigowa, don haka shiri mai dogon zango ba ya son ya ƙare. Akan ja shi har ɗanɗanonsa ya gushe. A TikTok da Facebook kuwa barkwancin minti ɗaya ne, kuma kusan kullum da mari ko gudu ake rufe shi. Yaran da ke tasowa da wannan za su ɗauka haka ake ba da labari.

Ibro ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, Allah ya jiƙansa. Mutumin Ɗanlasan ne ta ƙaramar hukumar Warawa, ya san ƙauye ciki da bai, kuma a fuskarsa akwai wani abin tausayi da ke leƙowa ko a tsakiyar wauta. Ina ganin babbar asarar da aka yi ita ce ba a cika ba shi labarin da ya kai girman baiwarsa ba. Bosho da Daushe da Baba Ari da sauran waɗanda ke raye, da samarin da ke ɗaukar barkwanci da waya a lungunan Bauchi, bai kamata a maimaita musu wannan ba. Ga marubutanmu, musamman na Bauchi da ke da ƙauyuka a bakin ƙofa da karin harshe nasu na kansu: kafin ku kira ɗan wasa ko ku ɗauki hayar kyamara, ku rubuta fitowar ƙarshe tukuna, kuma ku bar baƙauyen ya faɗi tasa a cikinta.